An mare ta a ɗakin haihuwa, an ce don ceton jariri ne: haka aikin jinya yake?

Tambaya: Ƙanwata ta haihu a wani asibitin gwamnati, haihuwar fari, kuma ni na yi jinyarta. Ba a bar ni na shiga ba, amma daga bakin ƙofa ina jin ana daka mata tsawa. Daga baya ta gaya mini cewa nas ta yi ta dukanta a cinya, ta faɗa mata maganar da ba zan iya maimaitawa ba, aka yi mata ƙari, wato aka yanka ta don faɗaɗa hanyar fitowar jariri, ba tare da an sanar da ita ba, aka kuma ɗinke ta tana ihu. Babu labule, duk mai wucewa yana ganinta. Da na yi magana sai aka ce mini haka aikin yake, wai da ba a yi mata haka ba da jaririn ya mutu. Yanzu ta rantse ba ita ba haihuwar asibiti. Da gaske haka aikin yake? Me kuma za mu iya yi?

Amsa: 'Yar'uwa, barka da arziki. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, na daɗe a ɗakin haihuwa, yanzu kuma ina cikin masu koyar da ɗalibai. Ba haka aikin yake ba. Babu makarantar jinya ko ta ungozoma da ake koyar da duka, babu littafin aikinmu da ya ce a zagi mai naƙuda. Idan abin ya faru yadda ƙanwarki ta ba ki labari, to an ci mutuncinta, an kuma tauye mata haƙƙoƙin da doka ta ba ta.

Bari na fara da dukan, tunda shi ake fakewa da ceton jariri. Na san lokacin da yake faruwa. Kan yaro ya sauko, zafi ya kai maƙura, yarinya ta firgita ta haɗe ƙafafu ko ta riƙa ja da baya a kan gado, ita kuma nas ta saurari bugun zuciyar jaririn ta ji yana raguwa. Tsoro ya kama ta, sai hannu ya riga baki. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Gana da Gini da Miyanma, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya gano cewa fiye da ɗaya cikin uku na matan da aka bincika sun gamu da duka ko zagi ko wariya a wajen haihuwa, kuma abin ya fi tsanani daga minti 30 kafin yaro ya faɗo zuwa minti 15 bayan haka. Waɗanda aka fi yi wa su ne ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba. Wato ana zaɓen wadda ake ganin ba za ta iya ramawa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ba larurar aiki ba ce, domin ba a taɓa jin an mari matar kwamishina don ta yi yunƙuri ba, kuma ita ma lafiya take haihuwa.

Ko ta fuskar aikin kansa, duka ɓarna yake yi. Jikin da ya tsorata ɗaurewa yake yi, numfashi ya rikice, matar ta daina jin abin da ake gaya mata, ta koma kare kanta daga mai karɓar haihuwar. Abin da ke aiki tun da wuri ake fara shi. Tun a wajen awo ake gaya wa mai cikin fari yadda naƙuda take tafiya, da abin da za ta ji idan kai ya sauko. Idan lokacin ya zo, mutum ɗaya ne zai riƙa magana, ba huɗu suna ihu a lokaci guda ba. Abin da nake gaya wa mai karɓar haihuwa shi ne: ki tsaya inda za ta ga fuskarki, ki kira ta da sunanta, ki gajarta zance: "Kalle ni. Ja numfashi. Yanzu yunƙura. Madalla, ga gashin kansa nan. Tsaya, huta." Na sha ganin yarinyar da ta gigice ta dawo hayyacinta da wannan kaɗai. Shi ya sa ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2018 kan kula da mai naƙuda, ta ce a bar mace ta kasance tare da wanda ta zaɓa har ta sauka. Da an bar ki kin tsaya a gefen kanta kina riƙe da hannunta, da rabin wahalar nas ɗin ta ragu. Na san yawancin ɗakunanmu gadaje ne a jere, ba za a iya shigar da namiji ba saboda sauran mata, amma yayar mai naƙuda ko mahaifiyarta ba ta tsone wa kowa ido.

Maganar da kika ce ba za ki iya maimaitawa ba, na san irinta, duk wadda ta yi aiki a ɗakin haihuwa ta san ta. Ita ce ta fi ci mini rai. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya da kunya, wadda ko sunan ɗanta na fari ba za ta iya kira a gaban mutane ba, wadda tun tana gida ake ja mata kunne cewa raki a naƙuda abin gori ne, ta zo tana cije baki tana ɓoye hawaye, sannan a tsakiyar baƙi a jefa mata zancen shimfiɗarta. Ciwon ɗinki mako biyu zuwa uku ya lafa, amma wannan magana akwai matan da jikokinsu sun girma suna tuna ta. Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, abin takaici kuma mafi yawan masu faɗin wannan magana mata ne da su ma sun hau wannan gadon.

Sai batun ƙari. A da ana yi wa kusan duk mai haihuwar fari, da tunanin ya fi a bar wurin ya yage da kansa. Bincike ya sauya wannan fahimta, kuma waɗancan shawarwari na 2018 sun ce kada a mayar da shi al'ada. Akwai inda yake da dalili, misali idan jariri ya galabaita ana so a gaggauta fitowarsa, ko za a yi amfani da na'ura a jawo shi. Ban kasance a wurin ba, don haka ba zan ce ƙarin ƙanwarki ba shi da dalili ba. Abin da zan ce shi ne ko da dalili, sai an gaya mata an kuma nemi yardarta. Ba ya cin lokaci. "Yaron ya gaji, ina so in ƙara masa hanya, zan yi miki allura kafin in yanka, kin yarda?" Kafin ki ƙirga goma an gama. Ɗinki kuwa babu allurar kashe zafi zalunci ne kawai. Allurar ba ta da tsada, kuma idan ta ƙare a ɗaki, ana iya leƙowa a ce wa mai jinya ta ruga ta sayo, yadda ake aiken ku safar hannu da auduga.

Rashin labule kan zo da uzurin talaucin asibiti, kuma wani lokacin gaskiya ne babu shi. Sai dai sutura ba ta tsaya ga labule ba. Ga yadda muke koya wa ɗalibai duba mace. Ki yi sallama, ki faɗi sunanki da aikinki, ki gaya mata abin da za ki yi da dalilinsa, ki jira ta amsa. Ki rufe ƙofa. Idan babu labule, ki rataya zanin gado a ƙarfen ƙarin ruwa, ko ki sa ɗaliba ta riƙe. Zaninta ya zauna a kan gwiwoyinta, a buɗe iya inda za a duba kawai. Da kin gama ki rufe ta tukuna kafin ki juya ki yi rubutu, sannan ki gaya mata abin da kika gani: bakin mahaifa ya buɗe santimita 6, saura 4, yaro yana lafiya. Idan naƙuda tana tafiya daidai, duk bayan awa 4 ake irin wannan duba, ba duk wanda ya shigo ya sa hannu ba. Idan kuma ɗalibai za su kalla ko su gwada, sai an tambaye ta, tana da ikon cewa a'a, kuma ƙin nata ba zai rage mata kulawa ba. Babu abu ɗaya a cikin wannan da ke jiran kasafin kuɗin gwamnati.

Waɗannan ba ladubba ne kawai da nas za ta yi idan ta ga dama ba, doka ce ta ɗora su. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a mutunta shi, ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma babu inda ya cire wanda ke kwance a gadon asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma cewa yana da ikon ƙi. Ta ƙara da cewa a yi bayanin da harshen da yake ji, a kuma lura da matakin karatunsa. Don haka miƙa wa Bahaushiyar da ba ta jin Turanci takarda a ce ta dangwala, ba a fassara mata ba, bai zama neman izini ba. A watan Yulin 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Majinyata, wanda hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta shirya tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Haƙƙoƙi 12 ne a ciki, har da samun bayani, da ganin fayil ɗinka, da sanin abin da ake cajinka a kai, da sirri, da girmamawa, da kulawar gaggawa, da ƙin magani, da kai ƙara. A wasu asibitocin za ki gan shi manne a bango, sau da yawa da Turanci, a inda masu buƙatarsa ba sa iya karantawa.

Akwai abu biyu da ba ki tambaya ba amma ina so ki sani, domin gaba.

Na farko sa hannu. Mun saba idan za a yi wa mace tiyata sai a ce ina mijinta. Shawara da miji abu ne mai kyau, kuma ni kaina nakan nemi a kira shi a yi masa bayani tare da ita, domin gida ɗaya za su koma. Amma a doka, mace baliga mai hankalinta ita ke da jikinta, yardarta ce ake bukata, sa hannunta kuma ya wadatar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da girman wannan haƙƙi a 2001, a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo, wanda aka tuhuma bayan wata majinyaciyarsa ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta ta kuma rasu. Kotun ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai ga ajalinsa. Idan doka ta ba mutum ikon ƙi har wannan matsayi, ikon yarda ai ba a magana. Ina nanata wannan ne saboda na ga matan da jini ke zuba, likita ya shirya, ɗakin tiyata a buɗe, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye ko ya ɗaga waya. Idan kuma mace ba ta cikin hayyacinta, kamar mai jijjiga, kuma rai na cikin haɗari, aikin ma'aikata ne su ceto ta ba tare da jira ba. Sashe na 20 na waccan doka ta 2014 ya hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili, wanda ya saɓa kuma zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Na biyu sirri. A wajen awo ana gwajin jini iri-iri, har da na cuta mai karya garkuwar jiki da na ciwon hanta. Sakamakon na matar ne. Sashe na 26 na dokar ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar majinyaci da zamansa a asibiti sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko ga waliyyin yaro da wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Uwar miji ba ta cikin wannan jeri, kishiya ma haka, ke kanki mai jinya sai ta yarda. Yawancin tonon asiri a asibiti ba da mugun nufi ake yin sa ba, sakaci ne: a tsaya a wannan ƙarshen ɗaki a ƙwala wa abokiyar aiki sunan cutar mai gado na uku, ko a bar fayil a buɗe a kan tebur, ko a koma unguwa a ce ai wance tana wajenmu. A garuruwanmu da kowa ya san kowa, kalma ɗaya tana iya kashe aure. Yanzu kuma ga waya, ana ɗaukar hoton majinyaci ko na jariri a ɗora a Facebook da TikTok ba da izini ba. Wannan laifi ne da zai iya jawo wa mutum rasa lasisinsa.

Ba zan ɓoye miki halin da abokan aikina suke ciki ba. Akwai daren da nas ɗaya ko biyu ke riƙe da ɗaki cike da masu naƙuda, babu wuta sai fitilar waya, babu ruwa a famfo, albashi bai kai ƙarshen wata ba. A farkon 2024 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce fiye da ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, nauyinsu kuma kan waɗanda suka rage ya koma. Wasu an horar da su ne a hannun manyan da ke tsawa, suka ɗauka haka ƙwarewa take. Ana kuma cin mutuncinsu su ma, dangin majinyata na zaginsu har da duka, shi ya sa dokar ta 2014 ta ba ma'aikaci damar janye hannu daga wanda ya zage shi ko ya kai masa hannu, in ba mai taɓin hankali ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata hukumomi su ji kunyarsa. Amma ƙanwarki ba ita ta hana ɗaukar ma'aikata ba, ba ita ta riƙe albashi ba. A wannan ɗakin, cikin wannan duhun da wannan gajiyar, akwai nas ɗin da ba ta taɓa ɗaga wa majinyaci hannu ba, kuma irinsu suna da yawa.

Game da abin da za ku yi, ki fara da tambayar ƙanwarki ko tana so a kai ƙara, domin maganar tata ce, kada a sake yanke hukunci a kanta ba da ita ba. Idan ta yarda, ku zauna ku rubuta abin da ya faru tun bai dushe ba: ranar, lokacin, aikin safe ne ko na yamma ko na dare, lambar katinta, sunan nas ɗin idan kun sani ko kamanninta, da ainihin kalmomin da aka faɗa. Ko ba ku san suna ba, jadawalin aiki da rajistar haihuwa za su nuna wadda ta karɓi haihuwar. Ku rubuta abin da kuka gani kuka ji kawai, kada fushi ya sa a ƙara gishiri, domin ƙari ɗaya kan rusa ƙara gaba ɗaya. Ku kai wa sistar da ke shugabantar ɗakin, in ba a saurare ku ba ku wuce wurin shugaban ma'aikatan jinya na asibitin ko shugaban asibitin. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM, wato ofishin karɓar koke-koken jama'a, don irin wannan, na jiha kuma suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci ta jihar. Ku riƙe kwafi, ku sa a buga muku hatimin karɓa. Sama da nan akwai ita majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma, wadda ke ba da lasisi, tana kuma da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da ma'aikaci ko soke sunansa daga rajista. Akwai hukumar FCCPC, magajiyar wadda ta shirya kundin haƙƙoƙin, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. A ganina ku fara daga cikin asibitin. Sau da yawa takarda ɗaya da aka rubuta cikin natsuwa takan sa a kira taro, a sayo labule, a ja wa mutum kunne, abin da hayaniya a bakin ƙofa ba ta yi. Ban ba ku shawarar sa hotonta ko sunanta a intanet ba, zai iya juyewa ya zama ku ake tuhuma.

Na san za a ce muku ku yi haƙuri tunda uwa da ɗa suna raye. Haƙuri da godiya ga Allah ba su hana faɗin gaskiya ba, kuma gobe wata yarinyar ce za ta hau wannan gadon.

Rantsuwar da ta yi ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba, alhali muna cikin ƙasashen da suka fi rasa mata wajen haihuwa. Nisa da kuɗi suna cikin dalilai, amma labari irin na ƙanwarki shi ma yana ciki, domin mace ɗaya da aka wulaƙanta za ta ba da labari a gidan suna, mata goma su ji. Kada ki yi mata faɗa a kan rantsuwar, kada kuma ki ce ta manta. Ki saurare ta, ki gaya mata ba laifinta ba ne, ba kuma rakinta ya jawo ba. Idan hankalinta ya kwanta, ki fahimtar da ita cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2, yakan kuma zo wa wadda cikinta lafiya lau, kuma allurar tsayar da shi da ƙarin jini ba a samunsu a gida. Ba dole ne ta koma wancan asibitin ba. Idan Allah ya kawo wani cikin, ku zagaya tun da wuri, ku tambayi matan da suka haihu kwanan nan inda aka riƙe su da mutunci, ku nemi ganin ɗakin haihuwar, ku tambaya ko ana barin 'yar'uwa mace ta shiga, ta kuma gaya wa mai awo abin da ya same ta a baya a rubuta a katinta.

Kafin nan, a duba ɗinkin. Idan wurin ya kumbura, ko yana wari, ko yana fitar da ruwa, ko ya buɗe, ko tana zazzaɓi, ko fitsari ko bayan gida yana zubo mata ba ta sani ba, kada a jira arba'in, a kai ta asibiti a ranar. Ruwan wankan jego kada ya yi zafin da zai ƙona wurin. Ki kuma sa ido a kan yanayinta: idan ta wuce mako biyu tana yawan kuka, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, tana firgita da tuna ɗakin, ko ba ta son ɗaukar yaron, wannan ma ciwo ne da ake magani, a gaya wa likita ko nas a wajen rigakafin jariri.